Shirun Ɗan Aike

Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike. Magana ce da kowa ya yarda da ita a baki, amma babu wanda ya taɓa iya rayuwa a kanta, domin kuwa ƙafafun mutum biyu ne, buƙatunsa ko sun fi a ƙirga. Wannan ne ya sa tun fil azal sarakuna suka riƙi manzanni da jakadu, attajirai suka riƙi barori, matan aure kuma suka riƙi yaran da za su aika kasuwa da gidajen dangi. Abin da aka fi kula da shi game da ɗan aike shi ne abin da ya zo ya faɗa. Ba kasafai akan tsaya a tambayi ma'anar shirunsa ba. Wani akawu da ke aiki a wani kamfanin casar shinkafa a bayan birnin Kano ya koyi yin wannan tambaya ana gab da Babbar Sallah ta shekarar 2023, kuma karatun ya zo da tsada, ga shi ba shi kaɗai ya biya ba.

Shi dai wannan bawan Allah ya ba hamsin baya. Ya fara aiki tun zamanin da ake rubuta albashi da biro a babban littafi, ana biyan leburori ta taga, kowa ya dangwala babban yatsa. Da kwamfuta ta shigo ofis bai ƙi ta ba, bai kuwa ruɗe a kanta ba. Ya ɗauke ta tamkar sabon keke, ya koyi hawa daidai yadda za ta kai shi inda za shi. Aikinsa mafi nauyi kan zo a ƙarshen kowane wata. Kamfanin na da wuraren sayen shanshera a wajejen Kura da Haɗeja, kowane wuri da leburorinsa da direbobinsa da masu gadinsa. Kowane reshe zai aiko da lissafin kwanakin da mutanensa suka yi aiki, shi kuma akawu ya tara su wuri ɗaya, ya sa kuɗin ƙarin lokaci, ya cire haraji da bashin da aka ci, ya cire wa ma'aikatan dindindin kashi 8 cikin ɗari na fansho kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, kana ya fitar da jadawali guda wanda manaja da odita za su sa wa hannu a miƙa wa banki.

A da wannan aiki kan ci masa kwana uku cur. Daga baya sai ya koyi abin da ake kira makaro. Makaro ba wani abu ba ne illa jerin umarni da mutum zai rubuta wa kwamfuta sau ɗaya ya adana, duk ran da ya buƙata ya taɓa maɓalli guda, ita kuma ta bi su daki-daki: buɗe fayil kaza, kwashe wannan layi, tara shi da wancan, adana, rufe, buɗe na gaba. Manhajar lissafi ta Excel, wadda ita ce gonarsa, ta zo da harshen rubuta irin wannan umarni mai suna VBA tun 1993. Akwai kuma waɗansu manhajoji da aka ƙera musamman don wannan hidima, kamar AutoHotkey wadda ta fito a 2003 don kwamfutoci masu Windows, da Keyboard Maestro ta kwamfutocin Mac. Da taimakon makaro aikin kwana uku ya koma na dare ɗaya.

Sai dai kwamfutar ofishin tsohuwa ce, intanet ɗin wurin kuma tafiyar hawainiya yake yi, ga rassa ba su aiko da lissafinsu sai bayan an tashi aiki. Saboda haka makaro kan fara ne bayan sallar Isha'i, ya ɗauki wajen awa biyar. Daɗin daɗawa, halinsa ɗaya da na jaki mai taurin kai. In ya ci karo da abin da bai gane ba, a ce wani akawun reshe ya rubuta harafi a gurbin lamba, sai ya tsaya cik, ya fito da ɗan akwati a fuskar kwamfuta yana jiran a zo a ba shi amsa, ko da kuwa a nan zai kwana. Ala tilas akawu ya zama makiyayinsa, daren ƙarshen wata ya zama daren kwanan ofis.

Waɗannan darare su suka haɗa shi da maigadin kamfanin, wani dattijo mutumin ƙasar Damagaram, wanda ya bar iyali a gida yana aika musu da abin da ya samu. Akawu kan bar ƙofar ofis a buɗe yadda zai riƙa hango hasken kwamfuta, ya fito da benci bakin ƙofa, tsohon kuma ya hura gawayi ya ɗora 'yar butar shayi. Yana kiransa Baba, shi kuwa yana kiransa Malam. Baba bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma a hankali ya laƙanci aikin ta hanyar kallo. Ya san cewa in Malam ya zabura ya ajiye kofi, to jaki ya tsaya. Ya kuma san cewa in aka ɗauke wuta akwai wani akwatin batir a ƙarƙashin tebur da zai fara kuka tit, tit, kuma daga fara kukan zuwa mutuwar kwamfuta bai wuce kwata ɗaya na awa ba. A irin wannan lokaci shi ke riƙe tocila, Malam na jan igiyar janareta.

Ana nan a haka, a farkon 2022 aka turo wa kamfanin wani saurayi mai hidimar ƙasa wanda ya karanta ilmin kwamfuta. Da ya ga idanun akawu sun yi ja wata safiya, ya kuma ji dalili, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ina aka taɓa yin haka? Ai ba kai za ka zauna gadinta ba, ita ya kamata ta neme ka." Kafin azahar ya sa wata manhaja mai suna Pushover a wayar akawu, ya ƙara layi biyu ko uku a cikin makaro, ya ce a gwada. Akawu ya taɓa maɓalli. Bai gama ɗauke yatsa ba wayar da ke aljihun rigarsa ta yi ƙara, ya ciro ta ya ga an rubuta, "Gwaji daga ofis." Ya daɗe yana duban kwamfuta yana duban waya, alhali ba igiyar da ta haɗa su.

Yana da kyau mai karatu ya san irin tafiyar da wannan ɗan saƙo ya yi cikin ƙiftawar ido, domin a cikinta darasin yake. Kwamfutar ba ta san inda wayar take ba, ba ta kuwa iya yi mata magana kai tsaye. Abin da makaro ya yi shi ne ya kira wata 'yar manhaja mai suna curl, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Daniel Stenberg, ya fitar a 1998, aka kuma sa ta cikin Windows 10 tun 2018. Ita curl ta ɗauki saƙon tare da mabuɗai biyu, ɗaya mai nuna wanda ya aiko, ɗaya mai nuna wanda aka aiko wa, ta miƙa shi ta intanet ga uwar garken Pushover. Daga can aka miƙa wa Google, da yake wayar akawu Android ce. Da iPhone ce da Apple za a miƙa wa. Su kuma suka turo shi cikin wayar. Dalilin wannan zagaye shi ne batir. Da a ce kowace manhaja a waya za ta riƙa leƙawa intanet tana tambayar ko an aiko mata da saƙo, da batir bai kai hantsi ba. Sai aka mai da waya tamkar gida mai zaure ɗaya: ita tana riƙe da hanya guda zuwa ga Apple ko Google, duk baƙo kuma ta nan zai yi sallama. Apple ya buɗe nasa zauren a 2009. Google ya fara nasa a 2010, ya sabunta shi a 2012, sa'an nan a 2016 ya koma wanda ake kira Firebase Cloud Messaging. Ba Pushover kaɗai ke wannan dillanci ba. Akwai ntfy, akwai kuma masu bi ta Telegram, wadda ta ba da damar yin haka tun 2015. Duk wadda mutum ya bi, saƙonsa sai ya ratsa hannu huɗu ko biyar kafin ya iso, kuma hannu na farko shi ne ita kwamfutar da ke kan tebur.

Saurayin ya yi masa gargaɗi ɗaya kafin ya gama hidimarsa ya tafi. Ya ce kada ya kuskura ya sa sunan ma'aikaci ko adadin albashinsa a cikin saƙo, domin zai bi ta kwamfutocin waɗansu mutane a wata ƙasa, kuma zai fito a fuskar waya inda duk wanda ke kusa zai iya karantawa. Akawu ya riƙe wannan da kyau, tun kafin Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023.

To, abin nema ya samu. Daren ƙarshen wata na farko akawu ya tayar da makaro, ya kulle ofis, ya ɗaga wa Baba hannu, ya tafi gida ya ci tuwo da iyalinsa. Ƙarfe biyu na dare waya ta yi ƙara, "An gama." Ya juya ya ci gaba da barci, irin barcin da ya yi shekaru bai yi ba a irin wannan dare. Daga nan daɗi ya ɗebe shi. Ya sa a sanar da shi in reshe ya aiko da lissafi, in an buɗe fayil, in an rufe fayil, in an gama haraji, in an fara fansho. Dare ɗaya sai waya ta yi kuka sau ashirin. Maiɗakinsa ta fara cewa an yi mata kishiya mai yawan magana. Wata rana yana sahun gaba a sallar Asuba wayar ta dinga ƙara har liman ya yi gyaran murya bayan sallama. Kunya ta kama shi ƙwarai. Ran nan da ya isa ofis ya buɗe makaro ya share dukan saƙonnin, ya bar guda ɗaya tak: wanda za a aiko in jaki ya tsaya. Manhajar na da matakai biyar na gaggawa, mafi girmansu shi ne wanda waya za ta yi ta maimaita ƙara har sai mai ita ya taɓa ya nuna ya gani. Wannan ya zaɓa. Ya ce wa ransa, in an ji ƙara akwai matsala, in an ji shiru lafiya ce. Kuma wata da watanni haka abin ya kasance.

Ran 29 ga Mayu 2023 sabuwar gwamnati ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya kusan ninka sau uku. Manajan kamfanin ya ba da umarni kada a sake tayar da ƙaramin janaretan ofis bayan an tashi aiki, ya sa masa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Akawu ya ji umarnin, bai kuwa ga yadda ya shafe shi ba, don ya daɗe da daina kwana a ofis.

Sallah ta kama ran Laraba 28 ga Yuni, gwamnati ta ba da hutun Laraba da Alhamis. Watau Talata ce ranar aiki ta ƙarshe, kuma banki ya ce duk mai son ma'aikatansa su ga kuɗi kafin Sallah ya kawo jadawalinsa kafin azahar. A wannan mako ne kuma ciwon mahaifiyar akawu ya tashi, aka ba ta gado a asibiti. Ƙanwarsa ce ke jinya a ciki, shi kuwa dole ya kasance a kusa, don a kowane lokaci nas na iya miƙo takarda a ce a sayo allura ko ruwa. Daren Litinin ya je ofis ya tayar da makaro, ya ga ya kama aiki sumul, ya kulle, ya wuce asibiti. Ya shimfiɗa dardumarsa a baranda cikin sauran masu jiran 'yan uwa, ya ajiye waya kusa da kunnensa. Sau uku yana farkawa yana duba ta. Kowane karo ya ga ba saƙo, sai ya yi hamdala, ya ce ko ba komai wannan ɓangaren Allah Ya rufa asiri.

Ashe wajen ƙarfe ɗaya na dare an ɗauke wuta a unguwar kamfanin. Akwatin batir ya yi kukansa har ya gaji, kwamfuta ta mutu, aiki bai kai rabi ba. Layin da zai aiko da saƙon matsala yana nan lafiyarsa ƙalau a cikin makaro, amma babu mai karanta shi. An ɗora wa ɗan aike ya kawo labarin kowace irin masifa, an manta cewa akwai guda ɗaya da ba zai iya kawowa ba, watau labarin mutuwarsa shi kansa.

Da safe akawu ya tsaya ya ga likita, bai isa ofis ba sai wajen tara da rabi, yana tafe yana lissafin cewa sa hannu kawai ya rage. Ya buɗe ƙofa ya tarar da fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Kafin a samo manaja, a buɗe kwaɗo, a sayo mai, sha ɗaya ta gota. Makaro ya fara daga farko, ya bi awanninsa biyar bai rage ko minti ɗaya ba, don shi bai san Sallah ba. Leburori suka taru a bakin taga suna leƙe, ba mai cewa uffan. La'asar ta yi kafin jadawali ya fito. Albashi bai shiga ba sai ran Juma'a, bayan an ci nama an suɗe.

Da yammacin Talatar nan, bayan kowa ya watse, akawu ya fito ya tarar da Baba zaune kan buzunsa a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ashe jiya an ɗauke wuta?"

Tsohon ya ce, "An ɗauke, Malam. Har na ji akwatin nan naka yana kuka ta taga. Na tsaya ina sauraro har ya yi shiru."

"Baba, ina ma ka neme ni!"

"To Malam, da wace lamba? Kuma na ce a raina, tun da ka samu yaron da ke gaya maka komai a aljihu, ai ya riga ni. Ban so in yi shisshigi."

Bai faɗi haka da gori ba, bai kuwa ambaci cewa shi ma sunansa na cikin jadawalin ba. Daga bakin wani direba akawu ya ji cewa tsohon ya yi alkawari da wani ɗan garinsu mai tafiya gida ran jajibiri zai ba shi kuɗin kayan Sallar jikoki, mutumin ya jira har magariba ya tafi hannu wofi. Wannan ya fi faɗan manaja yi masa zafi. Ya lissafa ya ga ya fi shekara bai zauna ya sha shayin Baba ba. A daren da ya fi buƙatar labari, akwai mai rai da ya ji da kunnensa, ya kuma san ma'anar abin da ya ji, yana tsaye taku goma daga teburin, amma shi da kansa ya sallame shi daga aikin ba tare da ya ce masa komai ba.

A cikin hutun Sallah, yana zaune a barandar asibiti, ya yi ta juya al'amarin. Ya gane cewa shiru iyayensa da yawa. Yana iya zama lafiya, yana iya zama rashin wuta a ofis, ko yankewar intanet, ko ƙarewar data a waya, ko wayar ce ta danne manhaja don tattalin batir. Su kansu masu zauren ba su yi alkawarin isar da kowane saƙo nan take ba. Google na iya riƙe saƙo har mako huɗu in waya na kashe, Apple kuwa na ƙarshe kaɗai yake ajiye wa kowace manhaja. Duk waɗannan fuskarsu ɗaya a wurin mai jira. Masu jirgin ƙasa sun daɗe da sanin wannan. A jiragen lantarki akan sa wani hannu ko mataki da direba zai riƙa dannewa, in ya saki, a ce ya suma, jirgi ya ja birki da kansa. Ba a jira direban da ya suma ya ce ya suma.

Da aka koma aiki ya gyara makaro bisa wannan hikima. Ya mayar da saƙo biyu marasa ƙara, "An fara" da "An gama", ya kuma sa wa kansa doka cewa in uku na dare ta yi bai ga na biyun ba, to matsala ce. Ya yi rajista da ɗaya daga cikin hidimomin intanet da ke aiki a juye, irin su Healthchecks.io: makaro zai riƙa yi musu sallama kowane minti goma, ran da sallama ta yanke su ne za su tashe shi, da yake su ba wutar unguwar suke amfani da ita ba. Ya jona na'urar intanet da akwatin batir, ya sa kwamfuta ta aiko da saƙo da zarar ta ji ta koma kan batir. Bayan wannan ya shiga wurin manaja da jadawalin da ya makara a hannunsa, bai fito ba sai da aka yarda a riƙa ajiye galan ɗaya na mai a daren albashi, makulli kuma ya kwana a hannun maigadi. Daga ƙarshe ya karɓi 'yar wayar Baba ya sa lambarsa a ciki, ya nuna masa maɓallin da zai danna, ya ce, "Baba, ko ƙarfe nawa ne. Ko kana zaton na sani."

Mahaifiyar ta samu sauƙi aka sallame ta. Akawu bai koma kwanan ofis ba, amma yanzu a daren albashi yakan tsaya bayan ya tayar da makaro, ya jawo benci, ya sha zagaye ɗaya ko biyu na shayi kafin ya tafi. A ƙarshen Agusta na shekarar, wajen sha biyu da rabi na dare, wayarsa ta yi ƙara, "An koma kan batir." Yana neman takalmansa cikin duhu sai ga kira ya shigo.

"Malam, an ɗauke wuta. Na tayar da janareta, ga hasken nan ina gani ta taga, bai mutu ba. Yi kwanciyarka."

Akawu bai gaya masa cewa wayar ta riga shi da minti biyu ba. Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba. Allah Ya ja kwana." Ya cire takalmin da ya riga ya sa a ƙafa ɗaya, ya koma ya kwanta.